Ɓerayen da Ba a Yi Musu Tausa

A unguwarmu da ke bayan layin dogo a Kafanchan, idan mace ta haihu aka yanke cibi aka share ɗaki, abu na gaba shi ne a aika a kira mahaifiyata. Kowa Mama yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ba ungozoma ba ce, ba ta taɓa karɓar haihuwa ba. Aikinta tausar maijego. Za ta ɗora tukunya, ta jefa ganye da dakakkiyar citta, ta tsoma tawul a ruwan da ni ko yatsa ba zan iya sawa ba, ta gasa wa mace ciki da baya. Sannan ta lakato man kaɗanya ta bi jiki gaɓa gaɓa tana murzawa, tana 'yar waƙar sujada a maƙogwaro. Matan zumunta na cocinmu sukan ce Ubangiji ya sa albarka a hannunta. Matan Fulani na rugagen da ke gefen Kagoro, waɗanda ke kawo mana nono, su ma sukan roƙe ta ta je ta duba musu 'ya'ya. Ba ta yi boko ba, Hausarta ma ta kasuwa da coci ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji in tana magana. Duk abin da take tinƙaho da shi a duniya yana cikin tafukan nan biyu.

Mu huɗu ta haifa: Yaya, babbar 'yarta, sai wana, namiji ɗaya tilo, sai ni, sai Auta. Mahaifinmu ma'aikacin reluwe ne, ya rasu tun muna ƙanana.

Da damunar 1987 Yaya ta zo gida ta haifi 'yarta ta fari. Haihuwa lafiya, suna lafiya. Bayan suna da 'yan kwanaki ta fara ɗingishi. Ƙafarta ta hagu ta kumbura daga sharaɓa zuwa gwiwa, ta yi zafi, fatar tana ƙyalli. Babu wanda ya tsorata. A danginmu na wajen uwa mun san abin, har suna muke da shi, ƙafar jego. Tsofaffi sun ce sanyi ne ke shiga mace ta ƙafa, maganinsa ruwan zafi da hannu mai ƙarfi. To, ga hannu a gida. Safe da yamma Mama na kan ƙafar nan, tana tura kumburin sama da manyan yatsunta.

Wata safiya ina tsakar gida ina wanke tsummokaran jaririya, Mama ta fito daga ɗaki da kwanon mai, ta ce yau jijiyar ta saki. Ba ta ajiye kwanon ba muka ji Yaya ta yi kira. Mun same ta zaune a bakin gado ta dafe ƙirji, tana jan numfashi kamar wadda ta hawo dutse da kaya. Ta yi tari sau biyu ko uku. Kafin a samo mota ta tafi wurin Ubangiji.

Ban taɓa ganin mutuwa mai rashin kunya irin wannan ba. Kunun da aka dama mata bai ma huce ba.

Maganganu sun yi yawa bayan jana'iza. Wasu sun ce iska ce, wasu sun kalli dangin mijin da wutsiyar ido. Fasto ya ce kada mu bincike Allah. Wata 'yar'uwar Mama ta tuna cewa ƙanwar kakarmu ma haka ta tafi a ƙauye, da jariri a hannu. Wana, wanda a lokacin yake karatun kimiyyar jini a Zariya, shi kuwa tambayoyi ya dame ni da su a bayan gida: wace ƙafa ce, ta yi zafi, ta yi tari kafin ta faɗi? Na ce masa in ba zai yi kuka kamar mutane ba ya ba ni wuri. Ya koma makaranta. Jaririyar ta zauna a hannun Mama, aka raine ta da madarar gwangwani da kunun acca.

Bayan 'yan shekaru wana ya sami gurbin ƙarin karatu a ƙasar waje. Mun yi murna, an yi addu'ar godiya a coci. Sai labari ya iso cewa aikin da yake yi a can kiwon ɓeraye ne. Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, kuma na sha tsiya a ofishin malamai. Wani ya ce in gaya wa ɗan'uwana ya dawo, rumbunsu kaɗai zai ba shi digiri biyu. Mama ta ji kunyar abin sosai. In an tambaye ta sai ta ce yana aikin asibiti, ta canza magana.

Ya zo Kirsimetin 1996, ya rame, ya sa tabarau, yarenmu ya yi masa nauyi a baki. Ya tarar da gida cike, don Auta, wadda ke aure a Kwoi, ta zo haihuwar fari, ta sauka lafiya da ɗa namiji kafin isowarsa. Da la'asar ɗin ranar da ya kwana biyu a gida muna zaune gindin mangwaro, Mama ta kasa haƙuri.

"Kai, gaya mini gaskiya," in ji ta. "Wai ɓera ne kana kiwo? Ɓera na gida?"

Ya yi dariya, ya shiga ɗaki ya fito da hoto. Wasu 'yan ɓeraye ne tsaf-tsaf a cikin akwatin roba, da kwalbar ruwa a sama, kowanne da alama a kunne. Mama ta riƙe hoton nesa da jikinta.

Ya ce mana jini yana da ma'aikata iri biyu. Akwai masu daskarar da shi in mutum ya yanke, don kada ya tsiyaye. Akwai kuma masu bin baya su narkar da gudan in aikinsa ya ƙare, don hanya ta buɗe. Dukansu gadonsu ake yi daga iyaye, kamar tsawo da hasken fata. A wurin aikinsu, in ji shi, sun iya cire ƙwayar gado guda ɗaya tak daga jikin ɓera tun yana ƙwai, a bar sauran yadda suke. Sai a haɗa su aure, su haifi 'ya'ya, a zuba ido a ga abin da rashin wannan ƙwaya ɗaya zai jawo. Nasa ɓerayen an cire musu mai narkarwa. Ana haifarsu lafiya, suna tsotso, suna wasa. Sannu a hankali jini ya riƙa yin gudaji a cikin jijiyoyinsu, kamar kunun da ba a dama da kyau ba, kuma babu mai fasa gudajin.

"Allah ya yi abu nashi daidai, ku kun je kun cire," in ji Mama. "Me ɓera ya yi muku?"

"Don a gane na mutane ne, Mama."

"Mutum ɓera ne?"

Ya ce a'a, kuma ba lallai abin da ke damun ɓerayensa ya zama shi ke damun wani mutum ba, hanyoyin suna da yawa. Amma akwai gidajen da jininsu ke saurin yin guda, kuma haihuwa da yawan kwanciya suna ƙara abin. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa. Na gane inda ya dosa, na harare shi, ya bar maganar. Mama ta mayar masa da hotonsa, ta ce ya wanke hannu kafin ya taɓa mata jika.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, Auta ta tashi da ɗingishi.

Na ga ƙafar da safe. Ta hagu ce, ta kumbura, tana ƙyalli. Mama ma ta gani. Na ga yadda ta ɗaure ɗankwali ta ja zani sama. A ganinta abokin gaban da ya ƙwace mata Yaya ne ya dawo, kuma a wancan karon ba ta murza da ƙarfi yadda ya kamata ba, shi ya sa ya fi ƙarfinta. Ta hura wuta da kanta, ta zuba citta ninki biyu. Ana cikin haka matan zumunta suka shigo barka, su biyar ko shida, da garin masara da sabulu, suka cika ɗakin maijego.

Wana ya shigo gaishe su. Idonsa ya sauka a kan ƙafar. Ya durƙusa ya ɗora bayan hannunsa a kai, ya taɓa ɗayar, ya zagaye kowace sharaɓa da yatsunsa. Ya tambayi Auta ko numfashinta lafiya, ta ce lafiya. Daidai nan Mama ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno, ta shafe tafukanta da mai, ta miƙa hannu.

Sai ya kama mata wuyan hannu.

Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya riƙe hannun Mama yana hana ta aiki ba.

"Mama, don Allah kada ki murza."

"Sake ni."

"Ba sanyi ba ne. Gudan jini ne a cikin jijiya. Yanzu yana maƙale wuri ɗaya. In aka tura shi zai iya ɓallewa ya bi jini ya tafi huhu. Asibiti za mu kai ta, yanzu."

"Kafin a haife ka ina wannan aiki," in ji Mama. "Mata nawa na tayar a gari nan? Ka tambayi su. Yarinya na yana jin zafi, kana ce in zauna in duba?"

Shugabar zumunta ta sa baki, ta ce: "Ɗana, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ka bar uwarka ya yi aiki nashi. Wannan ba maganar ɓera ba ne."

Aka yi 'yar dariya. Ina jin dariyar ce ta tunzura shi, ko tsoro. Ya ɗaga murya ya ce: "Haka aka yi wa Yaya! Aka murza, ta miƙe, ta dafe ƙirji. Ba za a sake a gabana ba."

Har yau in na tuna wannan magana raina yana ɓaci. Gaskiya ce ko ba gaskiya ba, akwai wurin faɗinta, kuma ba gaban baƙi ba ne, ba kuma ga matar da ta yi shekara tara tana goyon marainiya ba. Na ja shi waje na wanke shi tas. Na ce karatun da bai koya wa mutum yadda ake magana da uwarsa ba, na ɓeraye ne da gaske. Ya ce kawai: "Ki tsaya a kanta, zan nemo mota," ya fita da gudu da silifas.

Na koma ɗaki ban san abin da zan yi ba. In Mama ta ce za ta murza, ni ba mai iya riƙe mata hannu ba ce. Tana nan zaune yadda aka bar ta, tafukanta a buɗe a kan gwiwa, mai yana naso. Matan suna ta ba ta baki: yaran yanzu haka suke, ta yi sauri kafin ruwa ya huce. Auta kuma, wadda ta fi kowa yarda da hannun nan, tana hawaye tana cewa: "Mama, ki ɗan taɓa mini, ko kaɗan ne. Kamar zai fashe."

Mama ta dubi ƙafar ta daɗe. Ta dubi ƙofa, inda 'yar Yaya ke tsaye da bokiti. Sannan ta goge hannuwanta a zani, gaba da baya, ta tashi ta fita. Muka bi ta da kallo ta taga. Ta sauke tukunyar daga murhu, ta kai ta bakin rariya ta tuntsurar. Ƙamshin citta ya cika gidan. Ta dawo ta ce wa Auta: "Kada ka motsa. Za a ɗauke ka."

A bayan akori-kurar wani maƙwabci muka kai ta, kwance a kan katifa. Likitan da ya duba ta ya ce abin da wana ya faɗa ne, ya kuma tambaya ko an murza. Da aka ce a'a ya ce mun yi sa'a. Mama na tsaye a bayana lokacin, na ji ta ja numfashi. Allurar da ake buƙata babu ita a garin, sai da wana ya hau bas zuwa Jos ya dawo da ita a cikin kula mai cike da ƙanƙara. Daga baya aka koma ba ta wasu ƙananan ƙwayoyi masu tsinka jini, ana ɗibar jininta a kai a kai ana aunawa. Wana ya raɗa mini cewa ƙwayoyin 'yan uwan maganin ɓera ne, awo ne ya raba su, ya roƙe ni kada Mama ta ji. Wannan ce dariyar farko da na yi da shi tun ranar, ita ma rabi.

A asibiti muka yi Kirsimeti da sabuwar shekara. Muna jiyo 'yan rawa suna wucewa ta titi za su bikin sabuwar shekara a Kagoro. Mama ba ta bar gefen gadon nan ba sai in za ta yi wanka. Abin da ba zan manta ba shi ne yadda take zama. Takan cusa hannuwanta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta ta danne su, kamar yarinyar da malami ya ce kada ta taɓa komai. In zafi ya taso wa Auta ta fara kiran sunanta, sai in ga kafaɗun Mama sun motsa, hannun yana son fitowa da kansa. Da abin ya ishe ta sai ta sa aka kawo mata mataji daga gida. Ta tsefe kan Auta ta kitse, washegari ta tsefe ta sake. Nas-nas suna tsokanar Auta wai ta fi amarya canza kitso.

Kumburin ya sauka a hankali. Numfashinta bai taɓa sauyawa ba. Aka sallame mu cikin Janairu, tana takawa da sanda, ɗanta a bayana.

Duk tsawon wannan lokaci Mama da wana ba su yi wata magana ba bayan gaisuwa. Tana zuba masa abinci, yana ci, shi ke nan. Ya ba ta haƙuri sau ɗaya, ta ce ba komai, irin ba komai ɗin da ya fi zagi ciwo. Ni ma ban taya shi ba.

Ana gobe zai koma, da rana, surukan Auta sun aiko da buhun ɗanyar citta daga Kwoi. Ni da Mama muna gindin mangwaro muna tsaga ta muna shanyawa a tabarma. Wana ya fito ya zauna a kan turmi, ya ɗauki wuƙa shi ma, yana ta ɓata citta. Can Mama ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Ɓeraye naka ɗin nan."

"Na'am, Mama."

"Akwai mai yi musu tausa?"

"A'a."

"Ruwan zafi fa?"

"Babu. Ba mai taɓa su, sai in za a auna su."

"Kuma gudan yana zuwa."

"Yana zuwa."

"Suna mutuwa?"

"Suna mutuwa, Mama. Ba sa kai tsufa."

Ta tsaga citta ɗaya, ta ajiye. Ta ɗauki wata.

"Wato ko ban taɓa shi ba, yaya naku zai iya tafiya."

Na kafe shi da ido. Da ana magana da ido da ya ji ihu: ka ce e, ka ce ba ita ba ce, ka rufe bakinka daga nan. Ya gan ni sarai. Ya cire tabarau ya goge da riga.

"Zai iya ɓallewa da kansa," in ji shi. "Yakan ɓalle ko ba a taɓa ba, mutum na kwance ma. Kuma ba ke kika sa shi a ƙafarta ba, a jininmu yake, ke ma gadonsa kika yi. Amma in na ce miki na san abin da ya tayar da shi ran nan, na yi ƙarya. Ban sani ba. Ba wanda zai taɓa sani."

Na so in jefe shi da wuƙar hannuna. Mama kuwa ta gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya mata farashin da ta riga ta sani.

Ta rayu shekaru bayan wannan, ta ci gaba da gasa wa masu jego ciki da baya. Amma duk gidan da ta shiga sai ta fara yaye zani ta jera ƙafafu biyu ta duba. In ɗaya ta fi ɗaya, ko wuta ba ta hurawa, sai ta ce a nemo mota, kuma ba ta jin roƙo. Lokacin da na yi tawa haihuwar ta hana ni kwanciya, ta riƙa kora ni zagayen tsakar gida kamar akuya. 'Yar Yaya kuwa tun ba ta san mene ne aure ba Mama ta ja mata kunne a kan ƙafar hagu.

Amma ran nan a gindin mangwaro ba ta ce za ta yi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ta ajiye wuƙa, ta juya tafukanta sama tana kallo, duk sun yi rawaya da ruwan citta.

"Ke kina wanki a waje, ba ki ji ba," ta ce da ni. "Da na gama murza, yaya naku ya yi mini murmushi. Ya ce, Mama, hannunki da daɗi, na ji sauƙi. Shi ne magana na ƙarshe da ya yi mini."

Wana ya sunkuyar da kai, hawayen da bai yi a jana'iza ba suna ɗiga a kan citta. Mama ta miƙa hannu ta karɓe wuƙar daga wurinsa, ta ce ya bari haka, yana yi mata asara.